Yadda za ka kalli tsofaffin wasannin ƙwallon Amurka har ka gane dalilin shahararsu

A Gusau ko Birnin Kebbi, idan aka ce ƙwallo, gasar Firimiyar Ingila ake nufi, kuma da wuya ka sami gidan kallon da zai kunna maka ƙwallon Amurka, balle ma wasan ƙarshe na Super Bowl da ake farawa wajen ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare agogon Najeriya. Tsofaffin wasanni ba su da wannan matsala, domin NFL, hukumar babbar gasar ƙwallon Amurka, ta ɗora da dama daga cikinsu a YouTube, kuma kana iya saukar da su da datar dare mai rahusa, a ƙaramin inganci, tunda hotunan da ma can dishi-dishi ne. Sai dai akasarin masu farawa gajerun bidiyoyi na minti ɗaya suke bi, su ga mutum ya yi tsalle ya cafe ƙwallo, filin wasa ya ɗauki sowa, su kuwa su rasa abin da ya jawo wannan murna. Darajar kowace cafiya tana cikin abin da ya gabace ta, saboda haka sai ka koyi kallon wasa daga inda matsi ya faro.

Ka fara da riƙe ƙa'ida guda, wadda komai ya rataya a kanta. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta matsa gaba yadi goma. Idan ta cika, a sake ba ta wasu huɗun, idan ta kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Tsawon filin yadi 100 ne, kowane ɓangare yana da mutum 11, wasan kuma kashi huɗu ne na minti 15. Wanda ya kai ƙwallo gidan abokan hamayya ya sami maki 6, tare da damar ƙarin 1 ko 2, wanda ya buga ta da ƙafa ta wuce tsakanin turaku kuma ya sami 3. Sauran dokoki za su zo maka da kansu a hankali.

Tsofaffin hotuna suna da wata wahala da ya kamata ka sani tun da wuri. Akwatin maki da agogo da ke zaune a kusurwar allo sai a 1994 aka fara shi, layin nan ruwan ɗorawa da ke nuna inda yadi goma ya ƙare kuma sai a 1998. A wasannin da suka girmi haka, ka mayar da idonka gefen fili, inda za ka ga mutane biyu riƙe da sanduna da aka haɗa da sarƙa mai tsawon yadi goma, da na ukunsu ɗauke da sanda mai lamba a kanta, daga 1 zuwa 4. Sandar gaba ita ce iyakar da ake son kaiwa, lambar kuma ita ce damar da ake ciki. Kafin kowace bugawa ka tsayar da bidiyon ka tambayi kanka dama ta nawa ce, yadi nawa ya rage, minti nawa ya saura, sannan ka yi hasashen ko jifa za a yi ko gudu.

Wasan da ya fi dacewa ka gwada wannan a kansa shi ne na ranar 10 ga Janairun 1982, tsakanin San Francisco 49ers da Dallas Cowboys. Kada ka nufi shahararriyar cafiyar da Dwight Clark na San Francisco ya yi a ƙarshen wasan kai tsaye. Ka koma inda ya rage minti 4 da daƙiƙa 54, Dallas na gaba da 27 da 21, San Francisco kuma tana da yadi 89 a gabanta. Dallas ta ja mutanenta baya tana jiran jifa, sai mai horarwa Bill Walsh ya yi ta sa a gudu da ƙwallo ta gefe, ana gutsurar fili kaɗan-kaɗan har ya rage yadi 6 a kai gidan Dallas. A dama ta uku, saura daƙiƙa 58, mai jifan San Francisco Joe Montana ya karkata dama, ƙarti uku suka taso masa, ya yi kamar zai jefa har suka yi tsalle, sannan ya cilla ƙwallon sama can ƙurya, inda Clark ya miƙe iyakar tsawonsa ya riƙe ta da 'yan yatsu. Ko a nan kada ka kashe, domin Dallas ta kusa rama abin: ɗan wasanta Drew Pearson ya cafe wata jifa ya doshi fili, Eric Wright na San Francisco ya finciko shi ta wuyan riga, a bugawa ta gaba kuma ƙwallo ta suɓuce wa mai jifan Dallas Danny White. An tashi 28 da 27. A ganina wannan riƙon wuyan riga bai gaza cafiyar muhimmanci ba, amma gajerun bidiyoyi ba su cika nuna shi ba.

Daga nan ka gangara baya zuwa ranar 31 ga Disamban 1967, lokacin da Green Bay Packers ta karɓi Dallas a filin Lambeau cikin sanyin da ya kai digiri 25 ƙasa da sifiri, har usur na ƙarfe ya riƙa manne wa alƙalai a leɓe. A wannan wasa ka daina bin ƙwallo da ido, ka dubi ƙartin da ke layin gaba, waɗanda aikinsu ya yi kama da na 'yan kokawar Argungu, inda wanda ya fi dasa ƙafa ya shiga ƙarƙashin abokin karawarsa shi ke yin galaba. Saura daƙiƙa 16, Packers na baya da 17 da 14, ba su da sauran damar tsayar da agogo, fili ya zama ƙanƙara. Suna iya bugawa da ƙafa su nemi kunnen doki, amma mai horar da su Vince Lombardi ya yarda a nemi nasara gaba ɗaya. Jerry Kramer da Ken Bowman suka ture Jethro Pugh na Dallas, mai jifan Packers Bart Starr ya kutsa ta ramin da suka buɗe, aka tashi 21 da 17.

Idan ka zo kan 'yan wasa, ka kiyayi gwada alƙaluma ba tare da duba zamani ba. Jim Brown ya tara yadi 12,312 na gudu a kakar wasa tara da ya yi wa Cleveland daga 1957 zuwa 1965, Walter Payton ya wuce shi da 16,726, Emmitt Smith kuma ya kai 18,355. Mai duba jeri kawai zai sa Brown a baya, alhali a zamaninsa wasa 12 ake yi a kaka, daga 1961 aka koma 14, sai a 1978 aka kai 16. Ka raba yadi da yawan wasanni, za ka ga Brown yana cin fiye da yadi 100 a kowane wasa. A 1978 ɗin ne kuma aka hana masu tsaro dukan mai cafewa bayan ya wuce yadi biyar, abin da ya sauƙaƙa jifa ƙwarai, don haka Johnny Unitas, wanda ya jagoranci Baltimore Colts ta doke New York Giants da 23 da 17 a ƙarin lokaci a wasan ƙarshe na 1958, ya yi aikinsa a yanayin da ya fi na magadansa tsanani.

Ɗan Najeriya yana da nasa mashigin. Ka nemi hotunan Christian Okoye, haifaffen Inugu, wanda ya je Amurka a matsayin mai jifan faifai, bai fara wannan wasa ba sai yana ɗan shekara 23, amma a 1989 ya fi kowa a gasar da yadi 1,480 yana yi wa Kansas City Chiefs wasa. Ka lura da yadda ba ya kauce wa masu tare shi, kansu yake bi, kuma sau da yawa sai mutum biyu ko uku sun taru kafin ya kai ƙasa. Bayansa ka kalli Super Bowl na ranar 3 ga Fabrairun 2008, inda Osi Umenyiora da abokan tsaronsa na Giants suka hana mai jifan New England Tom Brady sakat, David Tyree na Giants kuma ya danne ƙwallo a kan hular kwanonsa yana faɗuwa, New England da ta ci wasa 18 a jere ta sha kashi da 17 da 14. Kashi na biyu na Super Bowl ɗin Janairun 1988 ma ya cancanci datarka, domin a minti 15 ɗin nan Washington ta ci maki 35, Doug Williams ya zama baƙar fata na farko da ya jagoranci ƙungiya a matsayin mai jifa ta ɗauki kofin.

Cikakken wasa yakan ci kusan awa uku, don haka ka ajiye shi sai idonka ya saba. Na farkon da za ka kalla daga fari har ƙarshe ya zama na ranar 5 ga Fabrairun 2017, inda New England ta taso daga 28 da 3 ta doke Atlanta da 34 da 28 a ƙarin lokaci. Ka riƙe takarda da biro, ka rubuta kowace dama ta uku da Atlanta ta kasa cikawa bayan hutun rabin lokaci, da minti nawa ta bari a kan agogo duk lokacin da ta miƙa ƙwallo.