Yadda za ka cire tarin if daga kod ɗinka da injin dokoki

In ka taɓa buɗe fayil ka tarar da if (umarnin "in kaza ne, a yi kaza" a cikin kod) cikin if cikin wani if har hawa bakwai, kuma duk sati sai oga ya ce a canza wani sharaɗi, to lokacin gwada injin dokoki ya yi. Laburare ne, wato shiryayyen kod da ake jonawa a aiki, da zai ba ka damar kwashe sharuɗɗan nan daga cikin kod ka ajiye su gefe, kowace doka ita kaɗai, ka cire wannan ka saka waccan ba tare da ka taɓa sauran ba.

Fara da zaɓen wanda ya dace da yaren kod ɗin da kake aiki da shi. Masu Java suna da Drools, babba ne kuma yana da nauyi, asalinsa kan Rete, wata dabarar daidaita dokoki da bayanai cikin sauri, aka gina shi, wadda Charles Forgy ya wallafa a 1982. In ƙaramin aiki ne Easy Rules ya isa. Masu .NET akwai NRules, 'yan Node kuma json-rules-engine, shi zan yi misali da shi don ya fi sauƙin kamawa.

Bayan ka sauke shi da npm, manhajar sauke laburare ta Node, gutsattsari uku za ka haɗa. Na farko bayanai, wato abin da ka sani game da mai amfani a wannan lokacin, kamar sau nawa ya yi sayayya da kwana nawa da buɗe asusunsa. Na biyu sharaɗi. Na uku abin da zai biyo baya in sharaɗin ya cika. Misali ka rubuta doka a JSON, wani tsarin rubuta bayanai, cewa duk wanda ya yi sayayya sau 5 ko fiye, kuma asusunsa ya wuce kwana 30, a yi masa ragin kashi 10. Tunda dole duka biyun su cika sai ka sa su ƙarƙashin all, in ɗaya ya wadatar kuma any za ka sa. Ka shigar da dokar da addRule, ka kira run ka miƙa masa bayanan, shi kuma ya dawo maka da sakamakon dokokin da suka cika. Lura fa, ba shi zai yi ragin ba, faɗa maka kawai zai yi, kod ɗinka ne zai aiwatar, kuma ni a ganina hakan ya fi tsafta.

Inda mutane ke shan wahala shi ne in dokoki suka yi yawa suka fara karo da juna, wannan ta ce a rage waccan ta ce kar a rage, kai kuma kana zaune kana ta mamakin ta ina matsalar ta shigo don babu layi guda da za ka bi daga sama zuwa ƙasa kamar yadda ka saba. Don haka tun farko ka ba kowace doka suna mai ma'ana da lambar fifiko, mai babbar lamba ita ake fara dubawa, a Drools salience suke ce masa. A Drools ɗin ma ka kula da dokar da ke canza bayanan da ita kanta take dubawa, sai ta yi ta tayar da kanta ba tsayawa, no-loop ne ke taka mata birki.

Kowace doka ka rubuta mata gwaji nata, musamman a bakin iyaka: sayayya 4, 5 da 6. Sannan ka riƙa adana tarihin wace doka ce ta tashi kan wace buƙata, ranar da aka kawo ƙorafi nan za ka fara dubawa.

In kuwa sharuɗɗanka uku ne kacal kuma sai a shekara ba a taɓa su ba, bar if ɗinka yadda yake kawai.