Yadda ake gano sojan da zafi zai kayar tun bai faɗi ba

Abin da ke kayar da soja a rana zafin can cikin jiki ne, in ya haura digiri 40 na Celsius kai ya fara juyawa to an shiga haɗari babba, kuma ba yadda za ai ka tsayar da mutum yana tsakar atisaye kace sai ka auna shi. Shi yasa ake lissafowa.

Ka fara da yanayin wajen. Akwai ma'aunin zafin yanayi mai suna WBGT da aka ƙirƙiro wa sojojin kundumbalan Amurka a shekarun 1950 lokacin da zafi ke ta kwantar musu da kurata a sansanin horo na Parris Island, kashi 70 na lissafin daga danshi yake, 20 daga dukan rana, 10 kacal daga zafin iska. In ya wuce 32 sai a ɗaga baƙar tuta, aiki kaɗan hutu da yawa. Masu rigar sulke kuma ka ƙara musu kusan digiri 3 akan lissafin.

Amma fa wannan na kowa da kowa ne, bai san wanda ya kwana da zazzaɓi ba, bai san sabon zuwan da jikinsa ke buƙatar kamar sati biyu kafin ya saba ba. Nan ne bel ɗin ƙirji mai auna bugun zuciya yake shigowa. A 2013 Mark Buller da abokan aikinsa a cibiyar USARIEM ta sojan Amurka suka fito da lissafin ECTemp, duk minti ɗaya yana ɗaukar bugun zuciya ya kintaci zafin ciki, ba sai an haɗiyi ƙwayar auna zafin ciki ba. Ka ɗaura bel ɗin tun mutum yana hutawa kafin a fara, ka tabbata ya kama fata sosai, sannan kar ka tsaya kallon lamba ɗaya, ka duba yadda take hawa. Wanda tasa ke ta hawa ta doshi 39 ko an zauna bata sauka, cire shi kawai, inuwa, a kwance sulke, ya tsoma hannuwa har gwiwar hannu cikin ruwan sanyi.

Dan Allah a tuna kintace ne, yana iya kucewa da wajen rabin digiri. In kaga yaro yana tangaɗi, ka kira sunansa yana amsa maka wani abu daban, ajiye wayar da kake duba lambar a kai, ko me allo ya nuna. A tuɓe shi a tsoma shi a ruwan ƙanƙara ko a lulluɓe shi da zannuwan da aka jiƙa a ciki nan take, ana sanyaya shi ana kiran motar asibiti.