Yadda Na Raba Katakon Tsohuwar Barga da Ƙwaro

A wata gona a jihar Ohayo ta Amurka na tarar da tsohuwar bargar katako, rufinta ya rufta gefe guda. Kafin in taɓa komai sai da na ɗauke ta hoto da sanyin safiya, lokacin da haske ke ratsa tsagogin alluna. Mai gonar ya ce in kwashi abin da nake so, tunda rushe ta zai yi.

Alluna goma sha biyu na kawo gida. Bayan mako biyu na ga gari mai laushi kamar na alkama yana taruwa a ƙarƙashinsu, ga ƙananan huji kamar na allura. Ƙwaro ne ke ci daga ciki. Raina ya ɓaci, don itacen da ya haura shekara ɗari ba a samunsa a kanti.

Feshi na fara yi, amma a banza, tsutsar tana can ciki inda magani ba ya kaiwa. Zafi ne ya yi aiki. Na bi allunan da maganaɗisu na zare ƙusoshi, sannan na kai su wurin masu tandar busar da katako. Ƙa'idar katakon da ake ɗaure kayan fito zuwa ƙasashen waje da shi ita ce zafi ya kai digiri 56 a ma'aunin Selsiyos a tsakiyar itacen na minti 30. Na roƙa aka ƙara lokaci saboda kaurinsu.

Jan fentin da ke jikin allunan kuwa ban goge shi da sanfefa ba, don fentin da aka yi a Amurka kafin 1978 kan ƙunshi dalma. Wanke shi na yi, na rufe da banis. Wata uku ke nan ina shimfiɗa baƙar takarda a ƙasa, ban sake ganin garin ba.