Yadda ake kafa sana'a a ƙaramin garin shaƙatawa har ta kai shekara a tsaye

Garin da ke ci da baƙi, ko a bakin teku yake, ko a gindin dutse, ko kusa da tafki, kasuwarsa ba ta tafiya bai ɗaya. Wata uku ko huɗu gari ya cika ya batse, sauran watannin kuma sai ka wuni a shago ba wanda ya leƙo. Haya, kuɗin wuta da albashi kuwa ba ruwansu da tafiyar baƙi. Da yawa daga cikin sana'o'in da ke durƙushewa a irin wannan gari ba rashin ciniki ke kashe su ba, lissafi ne aka ɗora kan watan da ya fi kowane albarka.

Fara da ƙirga baƙi kafin ka ƙirga riba. Zaga masaukan garin ka tambayi masu su: a waɗanne watanni ɗakuna ke cika, kwana nawa baƙo ke yi, ƙarshen mako ne kawai ko har tsakiyarsa, kuma su wane ne ke zuwa, magidanta da yara, matasa, ko masu taro? Haɗa jimillar gadajen da ke garin, domin ita ce iyakar masu kwana da za ka iya samu a dare ɗaya. Masu zuwa da safe su koma da yamma ka ware su daban, don ba kasafai suke kashe kuɗi kamar masu kwana ba.

Daga nan sai lissafin wata goma sha biyu, a rubuce. A ƙaddara kuɗin da dole ka biya kowane wata, ko an yi ciniki ko ba a yi ba, 100 ne. A shekara 1,200 ke nan. In kakar baƙi wata huɗu ce, sauran wata takwas kuma abin da ke saura bayan cire kuɗin kaya bai wuce 30 a wata ba, to 240 kawai suka kawo. Ragowar 960 a wuyan wata huɗun nan take, wato 240 kowane wata, kafin a yi zancen riba. In sana'ar ba za ta iya wannan ba, gara ka sani tun a takarda. Buɗe asusu na daban, duk mako a lokacin cunkoso ka zuba masa kaso tsayayye, kada ka jira ƙarshen wata. Kuɗin da ya kwana a aljihun shago a irin wannan lokaci yakan zama sabuwar kujera ko fenti.

Wajen zaɓen sana'a, nemi mai ƙafa biyu: ɗaya a wajen baƙi, ɗaya a wajen mazauna gari ko 'yan kasuwarsa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka tambayi otal-otal da gidajen abinci abin da suke saye daga wajen gari. Duk abin da suka lissafa, kayan lambu ne, gyaran firji ne, jigila ce, kuɗi ne da ke shigowa garin ya fice a ranar. Wanda ya tare shi ya samu sana'a, garin kuma ya samu aikin yi.

Ɗauki wanki da guga na masaukai a misali. Al'adar otal ita ce kowane gado ya kasance da aƙalla saiti uku na zanen gado: ɗaya a kan gado, ɗaya a wanki, ɗaya a ajiye. Ƙananan masaukai da yawa biyu gare su, shi ya sa jinkirin rabin wuni ke tayar musu da hankali, tunda baƙo na fita kafin rana ta take, wani na shigowa bayan 'yan awoyi. Yi farashi a kan kilo, ka auna a gaban mai kaya, ka sa wa kayan kowane masauki alama, don ɓatan tawul guda na iya raba ka da kwastoma. Kada a cusa wa injin kaya ya wuce kashi uku cikin huɗu, ba zai wanku ba. Inda aiki ke cushewa kuwa ba wajen wanki ba ne, wajen busarwa da guga ne, saboda haka can za ka fi zuba jari. Tabbatar da ruwa da kuma izinin zubar da ruwan wanki kafin ka kama wuri. Matsala biyu ke biyo baya: otal ya ce sai bayan kwana 30 zai biya alhali ma'aikata na jiran albashi, da kuma dogaro da masauki ɗaya da ke ba ka fiye da rabin aikinka. Rubuta yarjejeniya, ka nemi biya duk mako ko duk mako biyu, ka kuma karɓi wankin mutanen gari tun daga ranar farko.

A kakar farko, yi hayar kayan aiki maimakon saye in zai yiwu, ka roƙi mai gida hayar shago ta yi nauyi a lokacin ciniki ta yi sauƙi a lokacin shiru. Rajista, lasisi da inshora a gama su kafin baƙi su iso, musamman in sana'ar ta shafi abinci, jirgin ruwa ko hayar keke.

Ma'aikata kashi biyu ne: 'yan kaɗan na dindindin, sai na kaka. Ɗauki na kaka mako biyu kafin cunkoso don su koyi aiki. Ka tuna gidan haya a garin shaƙatawa tsada gare shi, domin masu gidaje sun fi son baƙo. Ma'aikacin da ba shi da wurin kwana zai gudu ana tsakiyar aiki, don haka ɗan gari ya fi, ko da sai ka koya masa daga tushe.

Baƙo a waya yake neman komai. Sa wurinka a Google Maps da hotuna na gaskiya da lokutan buɗewa, ka gyara su duk lokacin da suka canja. Mai masauki ya sani cewa shafukan kama ɗaki ta intanet irin su Booking.com na cire kamasho, galibi wajen kashi 15 cikin 100, sai a sa shi cikin farashi. Karɓi kafin alƙalami, ka bayyana ƙa'idar fasa zuwa a rubuce.

Mako uku kafin kaka ta ƙare, rage sari, ka karya farashin abin da ba zai kai baɗi ba.

Tsawaita kaka kuwa ba aikin mutum ɗaya ba ne. Masu masauki, masu abinci da masu jigila su haɗu su shirya gasa, baje koli ko taro a makonnin da ke dab da farkon kaka ko bayan ƙarshenta, lokacin da yanayi bai gama juyawa ba. Ƙara mako biyu a kowane gefe ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan jawo mutane a tsakiyar lokacin shiru. Sharaɗin shi ne kowa ya yarda ya bar ƙofarsa a buɗe a waɗannan makonni, a kuma rubuta wa zai buɗe a wace rana.