Yadda za ka fara noman rani da ruwan dam ɗin Tiga

Toh masu tambayata yadda ake shiga noman rani a yankin Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam, ga abin da na sani. Ruwan nan duka daga dam ɗin Tiga yake fitowa, wanda aka gama a 1974 zamanin Audu Bako, shi ne dai Kano ke sha ta matatar ruwa ta Tamburawa, masunta na cin abinci a cikinsa, ragowar kuma ya gangara har Haɗeja, kenan ba kai kaɗai ke jiransa ba, ka sa wannan a ranka tun yanzu.

Farko dai gona. Kar ka biya kuɗin haya sai ka je da ƙafarka ka ga inda take a jikin kanal, wlh nan ne mutane ke cin ƙasa. Gonar da ke kusa da bakin get, wato ƙofar da ake buɗe wa ruwa daga kanal, ruwa yake fara isa gare ta, ta can ƙarshen layi kuwa sai na sama sun ƙoshi, wani lokacin sai tsakar dare za ka samu kana riƙe da tocila sauro na cinka. Ni shekarar farko arha ta ruɗe ni na kama ta ƙarshe, kuɗin da na rage a haya duk ya tafi a man injin jawo ruwa. Ka duba magudanar da ke fitar da ruwa ma, in ciyawar kachala ta cike ta ko ka ga fari fari kamar kanwa a saman ƙasa to ruwa na kwanciya a wurin, bar musu abinsu.

Sannan ka nemi shugaban ƙungiyar masu amfani da ruwa na sashenku, ka biya kuɗin ruwa, ka san ranar da layinku ke sha. Hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke sakin ruwan kuma takan rufe don gyara, ka tambaya kafin ka zuba iri. In an ce a fito yasar kanal ka fito ko ka tura yaro, kar ka zama mai wayo.

Me za ka shuka? Alkama sanyi take so, daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, in ka makara zafi ya riske ta tana fidda kai ba za ta yi ido ba. Tumatir akwai kuɗi amma caca ne, ranar da kowa ya kai kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan lokaci ɗaya kwando sai ya kasa biyan kuɗin mota, ga tsutsar nan sharon da ta yi ɓarna a 2016. Shi yasa gara ka raba dashe kashi biyu ko uku da tazarar sati biyu, ka haɗa da ɗan albasa a gefe.

Ban ruwa kuma da safe ko da yamma, fangali ya sha ka toshe ka wuce na gaba, ba wai ka sake masa ka tafi shan shayi ba, yawan ruwa na wanke taki ya ruɓar da saiwa. Ka sayi takalmin roba dogo, kuma ka hana yara wanka a kanal saboda tsargiya, in ka ga jini a fitsarin yaro a kai shi asibiti a ba shi magani.