Yadda ake ƙin shiga soja a Amurka ba tare da an faɗa hannun hukuma ba

Tun 1973 Amurka ta daina ɗaukar soja dole, amma har yau tana ajiye sunayen maza masu shekara 18 zuwa 25, ko da za a dawo da tsarin. Wanda imaninsa ya hana shi yaƙi, kada ya jira takardar kira. Ya fara tara shaida tun yanzu: rubutu mai kwanan wata da ke bayyana aƙidarsa, da wasiƙun limami ko malamin da ya san shi.

Sai an kira shi zai gabatar da buƙatarsa ta a keɓe shi daga yaƙi gaban kwamitin ɗaukar soja na yankinsu. Rukuni biyu ne: 1-A-O, ya sa kaki amma ba ya ɗaukar bindiga, 1-O, ya yi aikin farar hula, kamar a asibiti.

Inda ake yawan yin kuskure shi ne cewa "wannan yaƙin ne kawai ban yarda da shi ba". A 1971 Kotun Ƙoli ta ce dole ƙin ya shafi kowane yaƙi. A shekarar ce kuma ta soke hukuncin da aka yanke wa ɗan dambe Muhammad Ali saboda ƙin shiga soja.

Sukar gwamnati da baki ba laifi ba ne. Ƙona katin rajistar ɗaukar soja kuwa, kotun ta tabbatar a 1968 cewa laifi ne, ko da sunan zanga-zanga aka yi.