Yadda ake juya "take" zuwa Faransanci ba tare da an jibga wa "prendre" komai ba

Yaron da ya fara karatu da Ingilishi a Mubi ko Yola sannan ya dawo Garwa, da ɗan kasuwar da ke tsallaka gadar Ngeli daga Kusiri zuwa Njamena, tarko ɗaya ke kama su. Sun haddace cewa "take" shi ne "prendre", sai su riƙa cusa shi ko'ina. Wani lokaci a dace, wani lokaci mai sauraro ya yi ta kallon bakinsu.

Maganin abin yana bakinka. Kada ka yi tsalle daga Ingilishi ka dira a Faransanci, fara faɗin jimlar da Hausa a zuci. Ingilishi ya tara ɗauka, kai, tafi da, cire, sha da hau cikin buhu guda, Hausa kuwa ta rarrabe su, kuma rabon nata ya fi kusa da na Faransanci.

In Hausar ta ba ka ɗauka, karɓa, sha ko hawa abin hawa, to "prendre" ne: "prends ton sac", ɗauki jakarka, "prendre une photo", "prendre la moto", "prendre le train" ga mai shiga jirgin ƙasa daga Ngaundare zuwa Yawunde, "prendre le thé". Wajen magani a kula. Da yake mu shan ƙwaya muke yi, za ka ji ana cewa "boire les comprimés" a unguwa, kowa kuma ya gane, amma a takardar likita da ta jarrabawa "prendre" ake so: "prendre deux comprimés matin et soir". Fi'ilin kansa yana da taurin kai: je prends, il prend, nous prenons, ils prennent. Harafin d yana faɗuwa a jam'i, shi ya sa "nous prendons" kuskure ne. Abin da ya wuce "j'ai pris" ne, ba "j'ai prendu" ba. Sai kuma wani abu da ke rikita mutane: "il m'a pris mon téléphone" ba ya ɗauko mini waya ba ne, ya karɓe mini ita ne.

Inda ake yawan zamewa shi ne wajen "kai". A ce za ka kai mahaifiyarka asibiti. In ka ce "je prends ma mère à l'hôpital", mai jin Faransanci zai ɗauka a asibitin za ka je ka ɗauko ta, ka ga magana ta juye ke nan. Abin faɗa shi ne "j'emmène ma mère à l'hôpital". Fi'ilai huɗu ne a nan, kuma tambaya biyu ke raba su.

Ta farko: abin yana tafiya da ƙafarsa ne, ko ɗaukarsa ake yi? Mutum da dabba dangin "mener" ne, wato "amener" da "emmener". Kaya dangin "porter" ne, wato "apporter" da "emporter". Shanun da za a kora kasuwa "emmener les bœufs au marché", buhun gero kuwa "apporter". Babur da mota, tun da tuƙa su ko tura su ake yi, sun bi sahun masu ƙafa: "amener la moto chez le mécanicien". Jariri ko a goye yake mutum ne, "emmener le bébé" za a ce.

Ta biyu: idonka yana kan inda za a isa ne, ko kan barin wurin? Mai farawa da a- yana kallon masauki, shi ne kawo ko kai wa wani: "apporte ce plat à Hadja", kai wa Hajiya kwanon nan. Mai farawa da em- shi ne tafi da: "emporte ton parapluie", tafi da lemarka, "la police l'a emmené", 'yan sanda sun tafi da shi. Shi ya sa mai gashin nama zai tambaye ka "à emporter?", ma'ana a ƙunshe maka ka tafi da shi. A kunne ma sun bambanta, "amener" da a buɗaɗɗe yake farawa, "emmener" kuwa ta hanci yake fita. A rubutu kada a manta alamar kan e: j'emmène, amma nous emmenons. Gaskiya a hira har Faransawan kansu suna cewa "amène le pain", ba wanda zai tsayar da kai a kasuwar Marwa saboda wannan. Malamin da ke riƙe da jan biro ne ba ya yafewa.

Batun lokaci hanya uku gare shi. "It takes three hours" ya zama "il faut trois heures" ko "ça prend trois heures". In kai ne ka ɓata lokacin, "mettre" ake amfani da shi, duk da cewa asalin ma'anarsa sakawa ce: "j'ai mis trois heures pour arriver". In kuma daɗewar taro ko aiki ake nufi, sai "durer".

Ga wanda ya fi jawo rigima a gida. "Take an exam" shi ne "passer un examen", kuma "passer" a nan zama jarrabawa kawai yake nufi, ba cin ta ba. Yaro ya ce "j'ai passé le BEPC", wato jarrabawar ƙaramar sakandare, baban da ya saba da "pass" na Ingilishi ya fara shirin yanka kaza, alhali sakamako bai fito ba. Cin jarrabawa "réussir" ne, ko "j'ai eu mon bac", na ci jarrabawar kammala sakandare. A makarantun Kamaru za ka kuma ji "composer" da ma'anar rubuta jarrabawa.

Duk inda Hausa ta ce "yi", gwada "faire": yin tafiya "faire un voyage", ƙailula "faire la sieste", zagayen shan iska "faire une promenade", yi hankali "fais attention". Kula da mara lafiya ne ya koma wa "prendre": "prends soin de lui".

Sauran su ne waɗanda Ingilishi ke liƙa wa 'yar wutsiya. "Take off" na takalmi cirewa ne, "enlève tes chaussures", na jirgin sama kuwa tashi ne, "l'avion décolle". "Take out" na kuɗi a banki ko a waya "retirer de l'argent". "Take back" biyu ne: mayarwa, wato "rapporter" ga kaya da "ramener" ga mutum, sai karɓe abinka, "reprendre". "Take after", wato yaron da ya ɗauko halin ubansa, "il tient de son père". "Take advantage of", cin moriyar dama, "profiter de" ne, kuma shi ɗin ne ake faɗa in an ci da gumin wani, jimla ce ke nuna wanne ake nufi.

"Take place" kuma a yi hattara da shi, musamman masu buga katin gayyata. "Prendre place" zama ne a kujera, abin da ake ce wa baƙo ke nan a ofis, "prenez place". Aukuwar biki ko taro "avoir lieu" ne. In ɗaurin aure za a sanar, a rubuta "le mariage aura lieu samedi à 10 heures", a sake duba shi kafin a ba mai buga kati.